Ciwon Daji a Ido: Ɗan Gida da Baƙo

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu na ƙasar Rano da Kibiya, su karanta a tsanake, sa'an nan su bayyana wa Dagatai da masu unguwanni ran da aka taru. Ba nufinmu ba ne mu mai da Hakimi likita. Amma kowa ya sani, a ƙauye kafin magana ta kai kunnen likita ta riga ta bi ta zauren mai unguwa, ta bi ta ƙofar Dagaci. Wanda kuma ya rasa kuɗin mota zuwa Kano, ko ya ke shakkar abin da aka faɗa masa a asibiti, ƙofar Hakimi ya kan zo. An ga amfanin wannan hanya a yaƙin shan inna. Da taimakon sarakuna aka bi gida gida, har ya zama yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano shi ne wanda aka samu a ƙasar Sumaila cikin watan Yuli 2014. To, ciwon da za mu yi magana a kansa bai kai shan inna yawa ba, amma ya fi shi kisa, kuma sau da yawa kalma guda daga bakin babba ita ke sa a tafi asibiti da wuri ko a makara.

Abin da a ke nufi da ɗan gida da baƙo

Jikin ɗan Adam an gina shi da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kowace gaɓa da irin nata: na hanta daban, na huhu daban, na mama daban. Su kan hayayyafa bisa ƙa'ida, su tsufa, su mutu, waɗansu su maye gurbinsu. Wani lokaci sai ƙwaya guda ta kangare, ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har 'ya'yanta su taru su zama ƙari. Ba kowane ƙari ne daji ba. Wanda ya zauna wuri ɗaya bai taɓa maƙwabtansa ba, wannan da sauƙi. Wanda a ke kira daji, ko sankara, shi ne mai cin naman da ke kewaye da shi, ya kuma saki 'ya'yansa cikin jini, su tafi su kafa sabon zama a wata gaɓa mai nisa.

Saboda haka idan likita ya leƙa cikin ido ya ga daji, tambayar da zai fara yi wa kansa ita ce wadda Dagaci ke yi sa'ad da ya ga sabuwar fuska a garinsa: nan aka haife shi, ko kuwa zuwa ya yi? In zuwa ya yi, daga ina? Wanda ya tsira daga naman idon kansa shi mu ke kira ɗan gida. Wanda jini ya kawo daga mama, ko huhu, ko ƙoda, ko hanji, shi ne baƙo.

A kan amsar nan magani duka ya rataya. In ɗan gida ne, bai kuwa riga ya fita daga ido ba, a kan yi maganinsa a wurin, ko a cire idon, mutum ya warke sarai ya ci gaba da rayuwarsa. In baƙo ne, cire ido ba ya warkarwa, an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, domin uwar ciwon tana can inda ta ke. Mutum ya rasa ido, ya rasa kuɗi, ciwo kuwa na nan. Haka kuma in aka ɗauki ɗan gida a kan baƙo, aka ce ai ciwon ya riga ya gama jiki, a koma gida a yi haƙuri, an bar wanda da ya warke ya mutu.

Wani abin lura shi ne baƙon nan ba ya sake asali. Ƙwayar dajin mama in ta sauka a ido, har yanzu ƙwayar mama ce, kamar yadda mutum zai bar garinsu shekara 30 amma tsagen fuskarsa na nan. Da wannan ne likitan madubi ke gane mafarinta. Maganin dajin mama kuma shi a ke ba matar, ko da ya ke da ido ta zo kuka.

Inda baƙo ke sauka, da dalilinsa

Ƙwayar ido faɗinta kusan inci ɗaya ne, bangonta kuma hawa uku. Na waje shi ne farin nan mai tauri da kowa ke gani. Na can ciki tantani ne mai laushi da ke karɓar haske, ya miƙa wa jijiyar gani, ita kuma ta kai ga ƙwaƙwalwa. Tsakaninsu akwai wata shimfiɗa mai duhu, wadda kusan duk jikinta jijiyoyin jini ne. In aka auna da ƙanƙantarta, da wuya a sami wurin da jini ke ratsawa da yawa kamarta a jiki duka. Nan ne masaukin baƙo.

A 1889 wani likita a Landan, Stephen Paget, ya bi takardun mata 735 waɗanda dajin mama ya kashe. Ya ga ciwon ba ko'ina ya ke komawa ba, yana da wuraren da ya fi so. Sai ya kwatanta abin da iri da ƙasa. Manomin Rano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Iska ta kan kwashi iri ta watsa ko'ina, amma wanda ya faɗa kan dutse ya bushe, wanda ya faɗa fadama shi ke tsira. Shimfiɗar jinin nan ta bayan ido fadama ce.

Kafin 1851, sa'ad da Helmholtz ya ƙago madubin leƙa ido a Jamus, da wuya ƙwarai a ga bayan idon mai rai. Yanzu kuwa an san cewa a cikin manya, baƙo ya fi kowane daji yawa a cikin ƙwayar ido. A 1997 likitocin asibitin ido na Wills a Filadelfiya ta Amurka suka buga lissafin majiyyata 420 da baƙo ya sauka a idonsu. Kashi 47 cikin 100 daga mama ya zo, kashi 21 daga huhu. Mutum 100 daga cikinsu ido biyu ya kama. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne, kashi 34 cikin 100 ba su san suna da daji a wani wuri ba sai da ido ya tona. Da aka bincike su, huhu ne ya fi yawa cikin waɗanda aka gano mafarinsu. Mai dajin mama yawanci ta san da shi. Mai dajin huhu sau da yawa tari kurum ya ke yi, yana shan maganin mura.

Lissafin nan na mutanen Amurka ne, amma mama a nan ma ita ce kan gaba. An ƙiyasta cewa a 2020 mata fiye da 28,000 ne dajin mama ya kama a Nijeriya, ya fi kowane daji yawa a ƙasar, galibinsu kuma ba su zuwa asibiti sai ya yi nisa. Irin waɗannan mata in ganinsu ya fara dushewa a kan ce tsufa ne, ko jinya ce ta ci jiki, ba wanda ke leƙa idon.

Yadda likita ke rarrabewa

A ce wata mata mai shekara 50 daga Tarai ta zo asibiti tana cewa mako uku ke nan idonta na hagu yana ganin hazo, tana ganin walƙiya, bakin ƙofa kuma ya karkace mata. Idon bai yi ja ba, bai kumbura ba, wanda ya dube ta ba zai ga kome ba. Likita zai ɗiga mata maganin da ke buɗe baƙin ido, ya leƙa da madubi. In ya ga abu mai launin rawaya-rawaya kamar man shanu, shimfiɗe, bai yi tudu sosai ba, ruwa kuma ya taru ƙarƙashin tantanin gani ya ɗaga shi, zuciyarsa za ta karkata ga baƙo. In ya sami biyu ko uku, ko ya leƙa idon dama ya sami wani a can, zato ya ƙara ƙarfi, domin baƙi ayari su kan yi, ga su da saurin girma, cikin 'yan makonni a ga bambanci.

Ɗan gidan da ke kama manya a wannan wuri sunansa melanoma, daga ƙwayoyin da ke ba ido launi ya ke tsira. Shi ya kan zo shi kaɗai, a ido ɗaya, yawanci da launin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi, ya yi tudu kamar tulluwa, wani lokaci ya huda rufinsa ya yi kai da wuya, girmansa kuma a hankali ne. A hoton sikanin, wanda a ke ɗauka da na'urar da a ke ɗorawa kan fatar ido, cikinsa daban ya ke da na baƙo. Melanoma ciwon farar fata ne. A Amurka ya kan kama kamar mutum 5 cikin miliyan a shekara, kuma ya fi kama fararen fata fiye da baƙaƙe sau goma da ɗoriya. Watau likitan da ke Kano, in ya ga ƙari a bayan idon babba, ya fi takwaransa na Ingila dalilin fara neman baƙo. In kuwa melanoman ne, sai a duba hanta, domin shi ma in ya tashi tafiya can ya fi sauka.

Amma duk madubin nan da na'ura ba su kai tambaya guda amfani ba: ko an taɓa yi miki aiki a mama, ko kina jin ƙullutu a ciki? In matar nan ta ce shekara huɗu da suka wuce an cire mata mama a Kano, magana ta kusa ƙarewa. Shekarun da suka wuce ba su kore zato, gama baƙo ya kan ɓoye shekaru da dama kafin ya bayyana. In kunya ta hana ta faɗa, ko mijin da ya rako ta ya amsa a madadinta ya ce lafiyarta lau, sai likita ya bi doguwar hanya: hoton ƙirji, hoton ciki, awon jini, wani lokaci har a sa siririyar allura a zuƙo 'yan ƙwayoyi daga ƙarin a kai wa likitan madubi. Duk wannan kuɗi ne da kwanaki, mutumin ƙauye kuwa ba shi da ko ɗaya a wadace.

Kada a ce tun da baƙo ne magani ba shi da amfani. Gaskiya ne da wuya a warke sarai in daji ya kai wannan matsayi, kuma bai kamata a yaudari dangi ba. Amma gashi da na'ura ya kan motsar da ƙarin, mafi yawan waɗanda aka yi wa su kan riƙe ganinsu, waɗansu har ya ƙaru. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya daɗe da sashen wannan aiki. Dajin mama kuma akwai irinsa da ke jin ƙwayar magani da a ke sha kullum, irin su tamoksifen, har mace ta ƙara shekaru. Matar da ta rage kwanakinta tana ganin fuskar jikokinta, tana zuwa banɗaki ba ɗan jagora, ba za a ce an yi aikin banza a kanta ba.

Farin da ke cikin idon yaro

Nan ne mu ke roƙon Hakimai su fi mai da hankali, domin nan ne a ke asarar rai wanda da an tsirar. A yaro ƙarami lissafin juyewa ya ke yi: daji a cikin ƙwayar ido kusan kullum ɗan gida ne. Sunansa retinobilastoma, daga tantanin gani ya ke tsira. Ya kan kama yaro 1 cikin 15,000 zuwa 20,000 da aka haifa, galibi kafin shekara 5. Hakimi zai iya yin shekaru bai ji labarin guda a ƙasarsa ba, amma bisa wannan lissafi jiha mai yawan haihuwa kamar Kano ba ta rasa gommai kowace shekara.

Alamarsa ta fari uwa ce ke gani. Da magariba, ko sa'ad da ta haska tocila, sai ta ga wani fari yana ƙyalli daga can cikin tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa da dare. In ta sake duba ta wani gefe ya ɓace, har ta ɗauka idonta ne. A hoton wayar hannu mai walƙiya a kan ga ido ɗaya ja, ɗaya fari. Alama ta biyu harara-garke ce da ta zo wa yaro. Yaron ba ya kuka, yana ci yana wasa, shi ya sa a ke sakaci.

A bambanta shi da hakiya. Hakiya a bisa fuskar ido ta ke, tabo ne da ƙyanda ko rauni ya bari, ana ganinta dare da rana ta kowane gefe. Wannan kuwa daga ciki ya ke. Yana ma ta kan kama yara, ta kuma yi kama da shi ƙwarai, har ma'aikacin ƙaramin asibiti ba zai iya rabewa ba. Saboda haka ƙa'idar guda ce: duk farin da aka gani cikin idon yaro, likitan ido ya duba shi cikin makon nan, ba bayan girbi ba. Lalle ne kuma a hana masu sokar ido da allura don ture yana su taɓa irin wannan yaro. Likitoci kansu ba su huda idon da su ke zaton akwai retinobilastoma a ciki, domin huda shi buɗe wa ciwon ƙofa ne.

In aka bar shi, ya kan cika ƙwayar ido, ya bi jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa, ko ya fasa bango ya fito waje, ido ya yi jajur ya turo kamar dunƙulen nama. A wannan hali ne yaranmu da yawa ke isa asibiti. Likitocin ƙasashe 153 sun haɗa lissafin yara 4,351 da aka gano da ciwon a 2017. A ƙasashe masu arziki a kan gano shi yaro yana da kamar wata 14, a ƙasashe matalauta sai ya kai wata 30, kusan rabinsu kuma ciwon ya riga ya fita daga ido. Da aka bi su shekara uku, fiye da 99 cikin 100 na ƙasashe masu arziki suna da rai, na matalauta 57 cikin 100. Ciwon ɗaya ne a Landan da Lausu. Abin da ya raba su shi ne watannin nan na jinkiri, da kuma samun magani.

Ga wurin da a ke bukatar bakin Hakimi. In ƙarin ya yi girma a ido ɗaya, maganin da ke tsirar da rai shi ne cire idon. Ba sabon abu ba ne, tun 1809 wani likitan Sikotlan, James Wardrop, ya ba da wannan shawara. Amma uba da aka ce masa za a cire idon ɗansa, alhali yaron na wasa a gabansa, ba abin mamaki ba ne in ya ce zai je ya yi shawara, ya ɗauki ɗansa bai sake dawowa ba. Mu ba mu ga laifinsa da sauri ba. Sai dai ya kamata wanda ya ke jin maganarsa ya zaunar da shi, ya gaya masa idon nan ya riga ya daina gani, abin da a ke ceto yanzu ran yaron ne da ɗayan idon. A gaya masa kuma bayan ciwo ya warke a kan sa idon roba mai kama da na gaske, yaro ya yi karatu, ya yi noma, ya yi aure. In aka zo da wuri ƙwarai, akwai allurar daji da ƙuna da haske ko sanyi waɗanda a kan tsirar da idon da su.

Kamar yaro ɗaya cikin uku, ido biyu ciwon ke kamawa. Kada a ɗauka daga wannan idon ya tsallaka zuwa wancan. Kowanne ɗan gida ne, a wurinsa ya tsira, domin yaron ya zo duniya da rauni a wata ƙwayar gado da aka gano a 1986. Wanda ke da raunin nan, kowane ɗa da ya haifa yana tsakanin gada da rashin gada, rabi da rabi. Saboda haka in aka sami yaro guda, a kai ƙannensa da yayyensa ƙanana a duba, da duk jaririn da za a haifa a ɗakin. In aka ji gidan da yara biyu suka mutu da kumburin ido, a kai na uku tun yana cikin tsumma. Ba auren zumunci ke kawo shi ba, ba maita ba ce, ba kuma laifin dangin uwa ba ne. Mun faɗi wannan ne domin an sha raba aure a kan irin wannan zargi.

Tsiro a kan farin ido

Akwai wani ɗan gida da ke fitowa a waje, inda fari ya haɗu da baƙi, galibi a wajen da fatar ido ba ta rufewa. Ya kan fara kamar ɗan nama fari-fari ko ja-ja, mai kaushi, da jijiyoyin jini suna nufarsa. Zafin rana na cikin masu jawo shi, don haka manoma da makiyaya su kula. Ya ƙaru ƙwarai a Afirka tun bayyanar ƙanjamau, shi ya sa likita kan nemi awon jini, amma mutane da yawa da ke da tsiron ba su da wannan cuta, kada a yi wa kowa tambari. Yana kama da naman nan marar lahani da ke rarrafowa kan idon masu aikin rana. Wanda ya ƙi tsayawa, yana ƙaruwa wata bayan wata, a kai shi. Da wuri ɗan ƙaramin aiki ne, a kankare a koma gida. In aka makara ya kan ci ido da kwarminsa.

Idon da aka turo daga baya

Wani lokaci ƙwayar ido lafiyarta lau, abin yana bayanta cikin kwarmi, yana turo ta waje. A yara akwai dajin da ya ɗauki sunan Denis Burkitt, likitan da ya bayyana shi a Kampala ta Yuganda a 1958. Ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ya kan kumbura muƙamuƙi, haƙora su yi girgiɗi, ido ya fito, duk cikin 'yan makonni. Wannan ba a yanka shi, ciwon jiki duka ne, kuma yana cikin masu saurin jin allurar daji in an fara da wuri aka kuma cika adadin. Dajin jini ma ya kan turo idon yaro haka.

Sa'an nan akwai wani baƙo da ya kamata mai shari'a tsakanin mutane ya san da shi. Sunansa niyurobilastoma, yawanci cikin ciki ya ke tsira, bisa ƙoda, a yara 'yan ƙasa da shekara 5. In ya sauka a ƙashin kwarmin ido, sai kewayen ido ya yi baƙi kamar jini ya kwanta, sau da yawa duka biyu, tamkar an naushi yaron. A ce an kawo ƙara gaban Dagaci, uwa tana rantsuwa kishiya ce ta doki ɗanta, kishiya tana rantsuwa ba ta taɓa shi ba. Kafin a yanke hukunci a duba: yaron yana rama? Yana zazzaɓi da ciwon ƙashi? Cikinsa ya yi tauri? Tabon duka ya kan washe cikin mako biyu, wannan kuwa ƙaruwa ya ke yi. Ko duka ne ko ciwo, asibiti ne zai faɗa, a fara kai shi can.

Aikin malamin Hakimi

Majiyyaci daga Rurum, ko Saji, ko Durba, ko Nariya zai fara da asibitin da ke kusa da shi ko Babban Asibitin Rano, ya karɓi takardar turawa. A Kano akwai sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Asibitin Murtala Muhammad, da asibitin ido na ECWA wanda ke aiki tun 1943. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Maganin ɗigawa da a ke saya a kemis ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin ciwukan nan, haka kwalli da hayaƙi. Abin da su ke ci kurum lokaci ne.

Mutumin ƙauye in ya shiga babban asibiti ya kan rikice, ya manta rabin abin da ya zo da shi. Saboda haka malam ya rubuta masa 'yar takarda ya haɗa da ta asibiti. A sa shekarun majiyyaci, in yaro ne a sa watanni. A sa ran da aka fara ganin abin, in ba a riƙe kwanan wata ba a ce kafin azumi ko bayan shuka. A faɗi ido ɗaya ne ko biyu, da abin da aka riga aka zuba a ciki, ba tare da ɓoyewa ba. In babba ne a tambaya ko an taɓa yi masa aiki, a ina, wace shekara, ko yana tari da ya ƙi ƙarewa, ko yana tofar da jini, ko ya rame, ko yana shan taba, ko fitsari na yi masa wuya. A nemo tsohon katin asibiti duk inda ya shiga, ko da ya yage, domin lambar da ke kansa ita za ta kai likita ga sakamakon awon da aka yi wa naman da aka cire a da. In yaro ne a tambaya ko a dangin uba ko na uwa an taɓa cire wa wani ido yana ƙarami, a kuma tafi da wayar da aka ɗauki hoton da farin ya fito.

Maganar mama ba malam ne zai tambaya a zaure gaban jama'a ba, ba zai sami gaskiya ba. A aika ungozoma ko wata dattijuwa da matar ta yarda da ita, ta tambaye ta a ɗaka. In matar ta amince a rubuta, a rubuta, a naɗe takardar a ba ta a hannunta. In ba ta amince ba, a roƙe ta ta faɗa wa likita da bakinta, dattijuwar nan kuma ta raka ta har cikin ɗakin duba.

A littafin ofis malam ya sa suna da gari da ranar da aka tura, ban da sunan ciwo. Bayan mako biyu ya sa mai unguwa ya je gidan ya ji: an tafi? Me likita ya ce? Yaushe aka ce a koma? Allurar daji ba sau ɗaya a ke yi ba, zuwa ne bayan zuwa, galibi kowane mako uku ko huɗu, kuma a zuwa na biyu ko na uku, sa'ad da kumburi ya saɓe kuɗi kuma suka ƙare, nan ne iyaye su ka fi yankewa. Ranar komawa ita ma a rubuta ta a littafin, a tuna wa Dagaci kwana uku kafin ta zo.